Farautar Ƙarshen Rani: Bajinta Ko Ɓarna?

A ƙasashen sanyi ƙanƙara ce ke koro namun daji daga kan duwatsu zuwa kwari. A gabashin Sakkwato kuwa, ƙishirwa ce ke wannan aiki. Da zarar hunturu ya wuce, tafkuna suka ƙafe, sai gada da zomo da zabin daji su gangaro fadama. Saboda haka gwanin maharbi ba ya wahalar da kansa a tsakiyar dajin Gundumi, wanda tun zamanin da ayari ke shakkarsa don rashin ruwa. Gaɓar Gulbin Rima yakan nufa, tsakanin Goronyo da Wurno, ko bakin gulbin Rabah, ya laɓe a mashaya da asuba.

To, a nan gizo ke saƙar. Tun da aka kammala madatsar ruwan Goronyo a 1984, noman albasa da tafarnuwa da shinkafa ya ƙara mamaye fadamu, mafakar dabbobi ta ragu. Ɗan abin da ya saura yakan taru wuri ɗaya, a rame, zabi kuma na jiran damina su yi ƙwai. Wanda ya kashe su a lokacin, irin baɗi ya cinye.

Lalle ya kamata hakimai da sarakunan baka su hana ƙonen daji da kwanton mashaya, daga watan Maris har faɗuwar ruwa. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mai jiran zomo a bakin ruwa kuwa, ina gudun da ya ci?