Wai "Ruwan Inabi": Kwalaben Da Suka Tsallako Daga Maradi

Ranar Asabar na je ɗaurin aure a Fakuwa, na dawo da ɓacin ran da har yau bai sake ni ba. Bayan an shafa fatiha jama'a sun watse, wani yaro da na san mahaifinsa tun muna makarantar allo ya ce zai rage mini hanya zuwa Kankia. Yaron yana fatauci tsakanin Katsina da Maradi, kuma Allah ya buɗa masa. Ya buɗe but zai saka mini ledar goro da alewar biki, sai ga kwalabe uku a naɗe cikin bargo kamar jarirai. Na ce, "Kai ɗana, mene ne wannan?" Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Baba, ruwan inabi ne. Daga Maradi na taho da shi. Don kaina ne kawai, ba sayarwa nake yi ba."

Ruwan inabi! Wallahi sunan ya fi kwalaben ƙona mini rai. Talaka ya sha burkutu a bayan gari, kowa ya ce masa ɗan giya, a hana shi auren 'yar mutunci. Mai mota ya sha tasa mai toshiyar baki da rubutun Faransanci, sai ta zama "ruwan inabi", kamar zoɓo ko kunun aya. Inabin da kake saya a hannun mai kayan marmari, ka wanke ka ci, ka matse ka sha, ba mai ce maka uffan. Amma abin da ke cikin kwalbar nan an bar shi ya tsimu ne har zaƙinsa ya juya ya zama maye. Ƙarfinsa kan kai kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, ya ninka na giyar kwalba da muke ƙyama sama da sau biyu. To ina ruwan yake? Haka muka lalace da sauya wa ɓarna suna. Cin hanci ya koma "goro", sata a ofis ta koma "dabara", karuwanci ya koma "zaman kai". Tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce Manzon Allah (SAW) ya faɗa mana cewa wasu daga al'ummarsa za su sha giya suna kiran ta da wani suna. Ga shi mun gani a but ɗin mota, a Fakuwa, ranar ɗaurin aure. Ko ka kira kura amarya, ba za ka kwana da ita a ɗaki ba.

Sai kuma "don kaina ne". Yaron har da kawo mini hujja, wai dokar kwastan ta yarda matafiyi ya shigo da 'yar kaɗan idan ta amfanin kansa ce. Na ji. Dokar Tarayya ce, an yi ta ne don ƙasa mai addinai da yawa, kuma haraji take magana a kai. Ba ta halatta wa Musulmi komai ba. Jihar Katsina ta ƙaddamar da Shari'a tun shekarar 2000, zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Kuma ko ɗan firamaren Islamiyya ya san cewa cikin mutum goman da aka tsine wa kan giya akwai mai ɗaukar ta da wanda aka ɗauko wa. Shi da ya ɗauko wa kansa, ai ya haɗa biyu ke nan, kafin ma ya kurɓa.

Bayan zuwan Shari'a, masu wannan hali kan tsallaka iyaka ta Jibiya su nufi garin Firji, su yi abin da za su yi, su dawo a ɓoye suna tauna goro don kashe wari. Aƙalla suna jin kunya. 'Ya'yan yanzu sun ɗauko Firji sun kawo mana har ƙofar gida.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne yadda kwalaben suka iso. Duk wanda ya bi hanyar Jibiya zuwa Katsina ya san yawan shingayenta. Direba ba ya gama saka giya ta uku sai ya sake taka birki. Lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a watan Agustan 2019, mun ga yadda rabin buhun shinkafa ya zama babban laifi. An hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Jibiya suka sha wuyar da ba su manta ba. Tsohuwa mai ƙullin shinkafar tuwo a sauke ta a zazzage mata kaya, amma mota mai baƙin gilas ta wuce ana ɗaga mata hannu. Idon da ke ganin shinkafa a ƙarƙashin kujera, yaya aka yi bai ga kwalba a bargo ba?

Kuma babu wani "kaina" a ƙauye. Ƙannensa ne ke wanke masa motar. Matarsa ce za ta share ɗakin ta kwashe kwalaben. Kan titin Kankia da zai tuƙa bayan ya sha, 'ya'yanmu ne ke tsallakawa zuwa makaranta.

Hisba na ƙoƙari, amma ba za ta buɗe but ɗin kowa ba, kuma bai kamata mu jira ta ba. Iyaye, idan ɗanku ya dawo daga tafiya da tsarabar turare da dabino, ku yi godiya, sannan ku tambayi abin da ya rage a motar.

Ni dai ranar acaɓa na hau zuwa Kankia, ledar gorona a hannu. Washegari kuma na je na gaya wa mahaifinsa.