Filin Unguwa da Haƙƙin 'Yan Mazan Jiya

Kowace ranar 15 ga Janairu akan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya a Nijeriya. A yi fareti, a aza furanni, a saki tattabaru, sannan kowa ya kama gabansa. Wannan karramawa ta dace da waɗanda suka kwanta dama. Amma sojan da ya dawo daga fagen fama da ƙafa ɗaya, ko ɗan kwana-kwanan da gini ya rufto wa yana kashe gobara, buƙatarsa ta wuce bikin yini guda. Yana buƙatar wurin da zai motsa jiki, ya kuma shiga cikin jama'a.

Tarihin asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila ya isa hujja. A shekarar 1944 ne Dokta Ludwig Guttmann, likitan da ya tsere daga Jamus a zamanin Hitila, ya buɗe sashen kula da sojojin da suka ji rauni a laka. A wancan lokaci akasarin irin waɗannan majinyata ba su daɗewa, domin gyambon kwanciya da ciwon mafitsara kan ƙarasa su. Guttmann ya sa ana juya su dare da rana, sannan ya mayar da wasa wani ɓangare na magani. Ranar 29 ga Yulin 1948, wato ranar buɗe gasar Olamfik ta Landan, mutum 16 a kan keken guragu suka yi gasar harbi da kwari da baka a harabar asibitin. Daga wannan 'yar haraba ce gasar nakasassu ta duniya ta tsiro, wadda aka fara a birnin Rum a 1960.

Nijeriya ta shiga gasar Invictus ta sojoji masu rauni a 2023 a Jamus, kuma ita ce ta farko daga Afirka. Abin alfahari ne ƙwarai, to amma mutum nawa gasa za ta ɗauka? Sauran suna nan cikin unguwanni, inda filin da aka ware domin wasa kan wayi gari an yanka shi shaguna.

Wani zai ce wanda ke jiran fansho ina ruwansa da filin shaƙatawa? Gaskiya ne, ciki shi ne gaba. Sai dai zaman ɗaka shi ma ciwo ne, yana buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon sukari, yana kuma barin mutum shi kaɗai da abin da idonsa ya gani a bakin daga. Kuɗin magance waɗannan ya fi na gyaran fili nesa ba kusa ba.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba: daɓen da keken guragu zai bi, gangare maimakon matakala, benci a inuwar darbejiya, da bayan gida mai faɗin ƙofa. A ƙara da fitila, domin ɗan kwana-kwana da direban motar ɗaukar marasa lafiya aikin karɓa-karɓa suke yi, sau da yawa sai bayan isha'i ko da sanyin asuba suke samun sarari.