Ƙululu a fatar ido: wayarka ta ɗauki hoto, likita ya yanke hukunci

Yanzu da zarar ƙululu ya fito wa matashi a fatar ido, sai ya ɗauki hoto ya nuna wa Google Lens ko ChatGPT, ko ya faɗa TikTok neman maganin hazbiya. A ganina wannan ganganci ne.

Gaskiya ne, yawancin irin waɗannan ƙululu ba ciwon daji ba ne. Sau da yawa ƙofar maiƙon da ke bakin fatar ido ce ta toshe, kuma gashi da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi na minti 10, sau uku ko huɗu a rana, yakan sa ya sace. Amma akwai ƙari marasa illa da ba a cika gani ba, masu tasowa daga saiwar gashi ko mafitar gumi, waɗanda gashi ba ya yi musu komai, sai an cire. Akwai kuma wani nau'in ciwon daji da ke shigar burtu, ya fito tamkar hazbiya mai yawan dawowa. Shi kansa likitan ido, bayan ya duba da na'ura, yakan tura abin da ya cire ɗakin gwaji kafin ya tabbatar. To ina ga hoton da kyamarar gaba ta riga ta goge, ta yi masa kwalliya?

Wani zai ce manhaja kyauta ce, asibiti kuwa sai kuɗi da layi. Haka ne. Sai dai araha ba ta ado. Maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid da ake saya a kemis ba da takardar likita ba yana iya jawo hawan jinin ido, kuma ganin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Ga inda waya ke da amfani: kashe tacen kwalliya, ka ɗauki hoto da kyamarar baya a hasken rana duk mako, don likita ya ga yadda abin ke canzawa.

Idan ya wuce wata guda, ko yana girma, ko yana jini, ko gashin ido na zubewa a wurin, ko ya dawo inda aka cire shi, ka ajiye wayar. Daga Ƙauyen Alu ko Tarauni, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi ba nisa, ga kuma Asibitin Ido na ECWA. Kada ka matse, kada ka tsaga, kada ka yarda wani ya sa maka reza.