Komawa Jiya Akwai Tsada

'Yan uwa fatake, na Kumasi da Yawunde da Njamena da duk inda neman halak ya kai mu. Wannan makon zancenmu na kallo ne, amma da idon ɗan kasuwa.

Da yawanmu mun kalli shirin nan mai dogon zango na tarihin Sayyadina Umar, wanda tashar MBC da talabijin ɗin Katar suka haɗa hannu suka fitar a watan azumin 2012. Hatim Ali, mutumin Siriya, shi ya ba da umarni, a Maroko kuma aka ɗauki mafi yawansa. Kuɗin da aka ba da rahoton ya ci sun kai riyal miliyan 200 na Saudiyya. Eh, miliyan 200.

To ina kuɗin suka tafi? Kaso mai tsoka ya tafi ne wajen kawar da zamanin yau daga gaban kyamara. Makkar wancan lokaci babu ita yanzu, dole aka gina irinta. Turken lantarki guda, ko agogo a hannun wani, ya isa ya ɓata aikin yini. Kowane mutum da aka ɗauka ya fito cikin rundunar Yarmuk ko Kadisiyya, an ɗinka masa tufafi, an ba shi takobi da garkuwa, an kawo shi a mota, an ciyar da shi, an sallame shi. Dawaki da raƙuma su ma sai abinci da masu kula.

Babban abin tsoro kuwa shi ne jinkiri. Duk wanda motar kayansa ta taɓa kwana uku a kan boda ya san zancen: kaya na tsaye, kuɗi na tafiya. Haka nan in guguwa ta taso ko rana ta faɗi ba a gama ba, hayar kyamara da kuɗin otal da ladan ma'aikata ba sa jira.

Shi ya sa nake murmushi in na ji ana cewa, me ya hana 'yan Kannywood yi mana tarihin ayarin kakanninmu da ke zuwa Gwanja sayen goro? Wa zai hana su so? Amma ayari sai jakuna masu yawa, da madugu, da zango, da kasuwar Salaga irin ta da. Mu kuma da zarar fim ya fito, sai mu miƙa waya a tura mana shi a shago, mai fim bai ga ko sisi ba.

Kowa ya san ba a yin gwanjon kaya ƙasa da uwar kuɗi a ɗore. In muna son 'ya'yanmu da aka haifa a baƙon wuri su ga inda suka fito, mu riƙa kallo ta hanyar da kuɗin zai isa ga masu aikin. Masu hali a cikinmu kuma, ga fagen zuba jari.