Sharhi: Tsofaffin Rijiyoyin Mai da Ruwan da Ke Cinye Ribarsu

Tun daga shekarar 1956 da aka gano mai a Oloibiri, Nijeriya ta fi mai da hankali ga neman sababbin rijiyoyi fiye da kula da tsofaffi. Lokaci ya yi da za a sake lale, domin kuwa da tsohuwar zuma ake magani.

Babbar cutar tsohuwar rijiya ita ce ruwa. Yayin da aka daɗe ana ɗibar mai, ruwan da ke ƙarƙashinsa, ko wanda ake turawa don ya koro shi, yakan sami tsaga ko yashi mai saukin ratsawa, ya bi ta nan ya isa rijiya, ya bar man a baya. Daga nan sai kamfani ya riƙa kashe kuɗi wajen ɗago ruwa, da raba shi da mai, da zubar da shi, ga tsatsar da yake jawo wa bututu. Da yawan rijiyoyi ana rufe su ne ba don mai ya ƙare ba, sai don ruwa ya cinye riba.

Ɗaya daga cikin magungunan wannan cuta shi ne sinadarin folima mai daskarewa. Akan haɗa shi da gishirin kuromiyam, a tura shi ƙasa yana ruwa-ruwa kamar koko. Da yake shi ma hanya mafi sauƙi yake bi, sai ya cika tsagar nan, ya daskare, ya toshe ta, ruwa ya koma tura man da ya rage. Kamfanin Marathon ya yi amfani da wannan dabara a jihar Wayomin ta Amurka tun shekarun 1980.

Sai dai a yi hattara. Idan ba a binciki inda ruwan yake fitowa ba, sinadarin yana iya toshe hanyar man kansa, a yi asarar kuɗi da rijiya gaba ɗaya. Zafi mai tsanani da gishirin ruwan ƙasa kuma suna rage masa ƙarfi. Saboda haka bincike ne farko, saye daga baya.

Maganar ta shafi 'yan kasuwarmu kai tsaye. Oando ya sayi kamfanin Agip na Nijeriya a 2024, Seplat ya sayi na Mobil a wannan shekarar, Renaissance kuma ya karɓi na Shell da ke kan tudu a 2025. Akasarin abin da suka gada tsofaffin filaye ne, kuma da bashin banki aka sayi wasu.

Ra'ayinmu shi ne hukumar NUPRC ta wajabta wa kowane kamfani gabatar da shirin rage ruwa kafin ya rufe rijiya, bankuna su riƙa tambayar yawan ruwan da ke cikin kowace ganga kafin su ba da rance, Cibiyar Horar da Ma'aikatan Mai ta Effurun kuma ta horar da matasanmu a wannan fanni. Gyaran rijiyar da ke hannu ya fi haƙa sabuwa araha.