A Buɗe Wa Ɗalibanmu Ilimin Sama Da Ƙasa

A yawancin makarantunmu, darasin yanayi da sararin samaniya bai wuce zanen alli a kan allo ba, alhali kayan koyarwa suna nan jibge a intanet, kyauta.

Manhajar Stellarium tana nuna wa yaro taurarin da ke saman garinsu a daren da yake kallo, har ya fita tsakar gida ya gane Zara da Kaza da 'Ya'yanta da idonsa. Hotunan Landsat, da ake ɗauka daga sama tun 1972, suna nuna yadda Tafkin Chadi ya ja baya. Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa farkon kowace shekara kuwa darasi ne ga 'ya'yan manoma: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke.

Cikas ɗin shi ne akasarin kayan nan da Turanci suke, ga tsadar data, ga rashin wuta. Muna kira ga ma'aikatun ilimi na jihohi da su horar da malamai, su sauke waɗannan kaya a kwamfutocin makarantu, su kuma ɗauki nauyin mayar da su Hausa. Ilimin da ya shafi shuka da ganin wata ya cancanci wannan ɗawainiya.