Karin Maganar Turawa Kan Abota: A Daina Haddar Aku

Kwanan baya na halarci wani bikin ban kwana da aka shirya wa wani babban jami'i a wata ma'aikata. Aka ba wani matashi dama ya yi jawabi a madadin ƙananan ma'aikata. Yaron ya yi shiri sosai, Turancinsa kuwa ba laifi. Amma da ya zo yabon amincin da ke tsakanin mai barin gado da akantan ma'aikatar, sai ya ce su biyun sun kasance "as thick as thieves". Zaure ya yi tsit. Akanta ya sunkuyar da kai, shi kuwa mai jawabi ya ci gaba abinsa, bai san ɓarnar da ya yi ba.

In aka bi littafin da ya haddace, yaron bai yi ƙarya ba, domin ma'anar maganar ita ce shaƙuwa ƙwarai. Sai dai kalmar ɓarayi tana nan zaune a cikinta, tana ɗauke da warin ƙus-ƙus da rufa-rufa. Bature yakan faɗe ta cikin raha a kan yara biyu da ba su rabuwa, amma ba ya jefa ta gaban jama'a a kan mutanen da ke riƙe da mabuɗin baitulmali. Tamkar dai Bahaushe ya miƙe a taro ya ce da Darakta da akanta abokan cin mushe ne, ba a ɓoye musu wuƙa.

Laifin ba na yaron ba ne shi kaɗai. Tun kafa hukumar jarrabawa ta WAEC a 1952, har zuwa JAMB a 1978 da NECO a 1999, cin Ingilishi shi ne ƙofar ci gaba ga ɗalibi. Saboda haka malamai suka ɗauki hanyar sauƙi, watau a jera maganganun azanci a allo, kowace da ma'anarta a gefe, a ce a haddace. Ɗalibi ya ci jarrabawa, ya kama aikin Gwamnati, ya riƙa barbaɗa su cikin wasiƙu da jawabai kamar yaji, alhali ba wanda ya taɓa gaya masa inda ake faɗinsu da inda ake kama baki.

Mu ɗauki wadda ta fi kowace yawo, "a friend in need is a friend indeed". Sau nawa na ji an fassara ta da cewa aboki mabukaci shi ne aboki na gaskiya! Ai kuwa da haka ne, da masu cin bashi sun fi kowa aminai. Abin nufi shi ne wanda ya tsaya maka ranar da kai ke cikin bukata. Tunanin ma ya girmi Ingilishi, domin a wajen Rumawa an san shi daga mawaƙinsu Eniyus, kuma Sisero ya kawo shi cikin littafinsa kan abota a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Da malami ya ce wa yara wannan ita ce ranar wanka da ba a ɓoyon cibi, ranar da ake gane masoyi, da ba su ruɗe ba.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce "fair-weather friend", abokin da ba a ganinsa sai lokacin daɗi. A Ingila, ƙasar hazo da yayyafi, kyakkyawan yanayi shi ne rana ta fito sarari. To, ka gaya wa ɗan manomi a Gumel ko Maraɗi cewa sararin sama fes a watan Agusta shi ne alheri, hadari kuwa shi ne masifa. A wurinsa ranar da hadari ya haɗo ita ce ranar murna. In ba a bayyana masa ƙasar da maganar ta tsiro ba, sai ya haddace ta a juye. Haka "bury the hatchet", watau sulhu, wadda ta samo asali daga al'adar wasu ƙabilun Indiyawan Amurka, masu binne gatarin yaƙi idan sun daina gaba.

Har kalmar "friend" ita kanta ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A majalisar dokokin Ingila ɗan majalisa yana kiran ɗan jam'iyyarsa "my honourable friend". Lauya a kotu yana ce wa abokin hamayyarsa "my learned friend" ko da ba su ga-maciji. A Nijeriya kuwa, idan ɗan sanda ya ce maka "my friend", to, ka shiga taitayinka. Facebook kuma ya zo ya ba mutum damar tara "friends" har 5,000, abin da ya sa a 2009 wani ƙamus na Oxford a Amurka ya zaɓi "unfriend" a matsayin kalmar shekara. Mu kuwa muna da aboki, da amini, da ƙawa, da abokin wasa, da abokin tafiya, har da abokin gaba da abokiyar zama, kowanne da gurbinsa.

Ban ce a daina koyar da waɗannan maganganu ba, jarrabawa ba za ta bari ba. Abin da nake roƙon malaman Ingilishi shi ne, duk wadda suka rubuta a allo su aje mata 'yar'uwarta ta Hausa, sannan su nuna inda suka saɓa. "Birds of a feather flock together" ta zauna kusa da sai hali ya zo ɗaya ake abota. "You scratch my back and I'll scratch yours" ta zauna kusa da ba ni gishiri in ba ka manda, a kuma gargaɗi mai shirin kama aiki cewa wannan ba yabo ba ne, kada ta shiga takardar neman ƙarin girma. Shi kuwa matashin nan, na ja shi gefe bayan an tashi na yi masa bayani, washegari ya je ya ba akanta haƙuri.